Yadda Ake Cire Kashi Biyu Cikin Uku na Hantar Ɓera, a Bi Sawun Farfaɗowarta

Ɗalibai masu binciken digiri na biyu da na uku a fannin sinadaran jiki da likitancin dabbobi sun daɗe suna aiko mini da tambaya iri ɗaya: ta yaya ake yin wannan tiyata da hannu, kuma a wace sa'a ake ɗibar jini da nama domin a ga sauye-sauyen da hanta ke yi yayin da take mayar da abin da ta rasa? Wannan jagora amsa ce gare su. Ba ta maye gurbin tsayawa a gefen wanda hannunsa ya faɗa a kan aikin ba, domin ƙullin zare a cikin cikin dabbar da ba ta wuce tafin hannu ba abu ne da sai ido ya gani sau da yawa kafin yatsu su iya.

Ɓeran da nake nufi shi ne ƙaramin nan na ɗakin gwaji mai nauyin giram 20 zuwa 30. Babban, wanda ke kai giram 200 ko fiye, shi ne Higgins da Anderson suka fara yi wa wannan tiyata a 1931, amma ba shi da maɗaciya, kuma agogon hantarsa daban yake. Duk wanda ya kwafi jadawalin babban ya ɗora wa ƙaramin zai ɗebi nama a lokacin da rabuwar ƙwayoyin hanta ba ta kankama ba.

1. Izini da tsara rukunoni

Ba a taɓa dabba sai kwamitin kula da ɗa'ar amfani da dabbobi na jami'a ko cibiyar ya ba da izini a rubuce. Takardar neman izinin ita ce za ta tilasta maka ka tsayar da adadin ɓeraye, da maganin ciwo, da alamomin da idan aka gan su za a kawo ƙarshen wahalar dabba.

Rukuni biyu ake buƙata a kowane lokacin ɗibar nama. Na farko shi ne wanda aka cire wa hanta. Na biyu an sa shi barci, an buɗe cikinsa, an taɓa hantar da auduga, an ɗinke ba tare da an yanke komai ba. Buɗe ciki kaɗai yana ɗaga sinadaran kumburi a jini, saboda haka in babu rukuni na biyu ba ka da hanyar rabe abin da rashin hanta ya jawo da abin da wuƙa ta jawo.

Yi lissafi tun yanzu. Lokuta 6, rukuni 2, ɓeraye 5 a kowane, ɓeraye 60 ke nan, ban da waɗanda za ka koyi aiki a kansu. Idan aljihu bai kai ba, rage lokuta, ka bar rukunin kwatance da yawansa.

2. Zaɓen ɓeraye

Ɗauki jinsi ɗaya, yawanci maza, 'yan mako 8 zuwa 12, daga zuriya ɗaya da wuri ɗaya. A ƙasashen waje an fi amfani da baƙar zuriyar C57BL/6, a jami'o'inmu kuwa farin ɓera zabiya ya fi samuwa, kuma yana yin aikin, sai dai bambancin da ke tsakanin ɗaya da ɗan'uwansa ya fi yawa, don haka gara a ƙara adadi. Tsohon ɓera da mai ƙiba duk suna jinkirin farfaɗowa. A bar dabbobin su huta mako guda bayan an kawo su, da haske na sa'a 12 da duhu na sa'a 12.

Hattara: kada a hana su abinci kafin tiyata. Ɓera ba ya amai, don haka babu dalilin azumin da ake sa mutum, kuma wanda ya shiga tiyata da yunwa sukarin jininsa zai faɗi warwas bayan an cire masa rumbun ajiyarsa.

3. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Kayan tiyatar kansu ba su da yawa: ƙananan almakasai biyu, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe, hantsaki mai haƙori da marar haƙori, marikin allura, zaren siliki mai lamba 4-0 domin ƙulli, zare mai narkewa 5-0 domin ɗinkin ciki, tsinken auduga, ruwan gishiri na asibiti, aidin, barasar goge fata mai ƙarfin kashi 70, man ido, shimfiɗa mai ɗumi, da sikelin da ke karanta giram 0.01. Sau ɗaya ake sayen ƙarafan, a riƙa dafa su a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta.

Kuɗin gaske yana wurare uku. Na'urar shaƙa maganin barci na aisofuluren da tukunyar iskar oksijin suna da tsada, kuma ba kowane sashe ke da su ba, saboda haka nemi aro a tsangayar likitancin dabbobi tun da wuri. Sinadaran gano ƙwayoyin da ke rabuwa, irin su na Ki67 da BrdU, daga waje ake odarsu, farashinsu yana bin dala, kuma dole su iso cikin sanyi. Na uku shi ne sanyin kansa: firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri da wutar da za ta riƙe ta. Na taɓa rasa naman mako biyu na aiki a dare ɗaya saboda an ɗauke wuta kuma janareto bai tashi ba, da safe na tarar da kwalaben sun jiƙe, naman ya yi laushi. Tun daga ranar nake raba kowane nama gida biyu in ajiye a firiza biyu a gine-gine daban-daban. Gwajin ALT da AST (sinadaran da ke ƙaruwa a jini idan hanta ta ji rauni) da sukari da rinin nama na yau da kullum kuwa suna da sauƙin kuɗi, kuma su kaɗai sun isa su ba da sakamako mai ma'ana idan an kiyaye lokaci.

4. Sa barci

Yi duk tiyatarka da safe, cikin tazara ɗaya a kowace rana, misali daga ƙarfe 8 zuwa 12. Rabuwar ƙwayoyin hanta tana bin agogon jiki na dare da rana, don haka ɓeran safe da na yamma ba sa kai wa mataki ɗaya a sa'a ɗaya.

Auna nauyin ɓera ka rubuta. Aisofuluren shi ne zaɓin farko, kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari domin ya kwanta, sannan 1.5 zuwa 2 domin ya zauna a barcin, saboda kusan duk ta huhu yake fita, ba ya ɗora wa ragowar hanta kaya. Inda babu shi, ana haɗa ketamin miligiram 80 zuwa 100 da zailazin miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo, a yi allura a cikin ciki. Dubi abin da wannan ke nufi ga ɓera mai giram 25: ketamin miligiram 2.5 ne iyakarsa, wato mililita 0.05 daga kwalba mai miligiram 50 a kowace mililita, ɗigo ɗaya da ido ba zai iya tantancewa a sirinji ba. Dole a sirka maganin da ruwan gishiri ninki goma kafin a ja.

Yi allurar maganin ciwo na bufurenofin miligiram 0.05 zuwa 0.1 ga kowane kilo a ƙarƙashin fata kafin a fara yanka. Shi da ketamin magunguna ne da doka ta sa wa ido, ta hannun likitan dabbobi ake karɓarsu. Shafa man ido, aske ciki, goge da aidin da barasa, kwantar da ɓera rigingine a kan shimfiɗa mai ɗumin digiri 37. Matsa yatsan ƙafar baya da hantsaki; in ya janye, bai yi nisa ba tukuna.

Hattara: kada a ba shi farasitamol ko kaɗan, domin dafi ne ga hantar ɓera kuma zai gurɓata duk abin da kake aunawa. Sanyi ma yana kisa, musamman da safiyar hunturu, kuma barasa mai yawa a fata tana ƙara kwashe ɗumin jiki.

5. Buɗe ciki

Yanka fata a tsakiyar ciki tsawon kusan santimita 3 zuwa guringuntsin ƙarshen ƙirji, sannan ka ɗaga naman ciki da hantsaki ka buɗe shi a kan farin layin tsakiya, inda jini ba ya zuba. Ɗaga guringuntsin sama da zare ko ƙaramin maƙali, hanta za ta bayyana. Ɓangarorinta huɗu ne: na hagu, babba mai faɗi, na tsakiya, wanda ya tsage biyu da maɗaciya a tsagin, na dama, da ƙaramin na baya da ke rungume da tumbi. Na hagu da na tsakiya su ne za a cire, kuma a haɗe sun kai kusan kashi biyu cikin uku.

Da jiƙaƙƙen tsinken auduga, ja ɓangaren tsakiya ƙasa a hankali, za ka ga siririn tantani mai sheƙi ya haɗa shi da shamakin da ya raba ƙirji da ciki. Yanke shi da lanƙwasasshen almakashi har kusa da babbar jijiya. Akwai wani tantanin tsakanin ɓangaren hagu da na baya, shi ma a yanke.

Hattara: ba a kama hanta da hantsaki, yagewa take yi. Bakin almakashi kuma ya riƙa kallon hanta, domin in ya huda shamakin ƙirji, huhu zai lotsa nan take.

6. Ƙulli biyu

A nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace, kuma yawancin sakamakon da ba a gane kansa ba daga nan matsalarsa take.

Fara da ɓangaren hagu. Ɗaga na tsakiya sama da auduga, zura zaren siliki a ƙarƙashin na hagu har ya zauna a gindinsa, ka ɗaure da ƙarfi daidai, ka ninka ƙullin. Dakata ka duba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ɓangaren zai sauya daga ja mai haske zuwa launin makuba mai duhu, sauran ɓangarorin kuma su tsaya da launinsu. Wannan sauyin launi shi ne shaidar cewa zaren ya kama abin da ake so shi kaɗai. Yanke ɓangaren kaɗan sama da ƙullin, ka bar ɗan kututture domin kada zaren ya zame.

Ɓangaren tsakiya ya fi wuya. Zaren zai ratsa ta saman maɗaciya, domin ita ma tare da shi za ta fita, amma dole ya bar tazarar kusan milimita 2 tsakaninsa da babbar jijiyar da ke kwashe jini daga hanta zuwa zuciya. In ƙullin ya matso jijiyar, zai shaƙe ta, jini ya taru a ɓangarorin da suka rage, su kumbura su mutu a sannu. In kuma ya yi ƙasa da yawa, zai bar nama mai yawa da ba ya samun jini, wanda zai ruɓe a ciki ya ɗaga ALT. Bayan ka ɗaure, kafin ka yanke, dubi ɓangaren dama. Idan ya fara duhu, ƙullin ya yi sama.

Hattara: kada gaggawa ta sa ka haɗa ɓangarorin biyu da zare ɗaya. A babban ɓera wasu suna yi, a ƙaramin kuwa yana murɗe jijiyoyi da hanyar ruwan maɗaciya, sai ka wayi gari kana nazarin rauni alhali kana zaton farfaɗowa kake gani.

Auna ɓangarorin da ka cire nan take ka rubuta, sannan ka adana su yadda aka bayyana a mataki na 9. Su ne hoton hantar wannan ɓeran kafin komai ya fara.

7. Rufe ciki da jinya

Tabbatar babu inda jini ke tsattsafowa, ɗinke naman ciki da zare mai narkewa, sannan fata. Yi allurar ruwan gishiri mai ɗumi mililita 0.5 zuwa 1 a ƙarƙashin fata. Rubuta sa'a da mintin da ka yanke ɓangare na biyu, domin daga nan ƙirga take farawa. Hannun da ya saba yana gama aikin cikin minti 15 zuwa 20.

Ajiye ɓera shi kaɗai a wuri mai ɗumi har ya miƙe yana tafiya, ka sa jiƙaƙƙen abinci a ƙasan keji inda zai kai ba tare da miƙa jiki ba. Maimaita maganin ciwo kowace sa'a 8 zuwa 12 har kwana biyu. Duba su safe da yamma. Wanda ya takure wuri ɗaya, jikinsa ya yi sanyi, kunnuwansa suka yi rawaya, ko ya rasa kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, a hutar da shi nan take, a rubuta dalili. Idan za a ba da ruwan sukari, a ba kowa ko a hana kowa, domin sukari yana rage saurin rabuwar ƙwayoyin hanta.

8. Sa'o'in ɗibar nama

Zaɓi lokuta gwargwadon tambayarka, domin kowane sauyi da ƙofarsa.

Daga minti 30 zuwa sa'a 4 ƙwayoyin hanta ke farkawa. Ƙwayoyin Kupffer, masu gadin hanyoyin jini na hanta, suna sakin sinadaran saƙo na TNF da IL-6, waɗanda ke kunna NF-κB da STAT3, sinadarai masu tada ƙwayoyin halitta, a cikin ƙwayoyin hanta, sinadarin haɓaka na HGF yana fita daga inda yake ajiye, kuma ƙwayoyin halitta na c-jun da c-fos da c-myc suna tashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da rinin nama na yau da kullum ke nunawa a madubin likita, sai da nama mai daskarewa.

Daga sa'a 12 zuwa 24 sukarin jini yana ƙasa, gilaikojin, wato sukarin da hanta ta ajiye, ya ƙare, kitse daga jiki ya taru a cikin ƙwayoyin. Wanda ya buɗe ciki a wannan lokaci zai tarar da hanta ta koɗe, ta yi fari-fari kamar mai cuta, kuma ɗalibai da yawa sukan firgita. Wannan kitse na wucin gadi ne, makamashin aikin da ke tafe ne, zai kuma washe cikin kwana biyu zuwa uku. A wannan tsakanin ne kuma ƙwayoyin ke ƙara girma kafin rabuwa ta fara.

Daga sa'a 36 zuwa 42 kwafin DNA ke kai ƙololuwa, bayan cyclin D1, sinadarin da ke tura ƙwaya zuwa kwafin DNA, ya tashi, rabuwar ƙwayoyin kanta kuma ta biyo baya wajen sa'a 48. A babban ɓera ƙololuwar tana sa'a 24. Idan lokaci ɗaya kawai za ka iya ɗauka, ɗauki sa'a 40. Ka lura da lissafin: tiyatar ƙarfe 9 na safiyar Litinin tana nufin ɗibar nama ƙarfe 1 na daren Talata wayewar Laraba, don haka shirya mabuɗin ɗakin gwaji da wuta da abokin aiki tun kafin ranar.

Daga sa'a 72 zuwa sama sauran ƙwayoyi ke bi: na hanyoyin ruwan maɗaciya, na Kupffer, daga baya na bangon jijiyoyi, waɗanda ke kutsawa cikin curin sababbin ƙwayoyi su mayar da tsari. Tsakanin kwana 7 da 10 nauyin hanta ya kusa komawa yadda yake, TGF-β da aktibin suna cikin masu tsayar da rabuwar. Ɓangarorin da aka cire ba sa sake tsirowa. Na dama da na baya ne ke cika wurin.

9. Ɗibar jini da nama

Sa'a 2 kafin lokacin, yi allurar BrdU miligiram 50 zuwa 100 ga kowane kilo a cikin ciki, da safar hannu, domin sinadari ne mai shiga DNA. Kafin a sa barci, auna sukari daga ɗigon jinin wutsiya da ƙaramar na'urar masu ciwon sukari, saboda zailazin yana ɗaga sukari sosai, kuma awon da aka yi bayansa ba abin dogaro ba ne.

Sa ɓera barci mai nisa, ja jini daga zuciya a hankali, za a samu mililita 0.5 zuwa 1, sannan a tabbatar da mutuwarsa ta hanyar da kwamiti ya amince. Cire allura daga sirinji kafin a zuba jinin a kwalba. In an tura shi ta bakin allura jajayen ƙwayoyi za su fashe, AST ya hau ba gaira ba dalili. Ciro hanta, cire kututturan biyu da zarensu, tsane ta, auna.

Koyaushe daga ɓangaren dama za ka yanka, kashi uku. Na farko, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ya shiga fomalin mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka naman sau goma, sa'a 24 kawai, sannan a mayar da shi barasa mai kashi 70. Na biyu a daskarar da shi domin rinin kitse. Na uku ya shiga ruwan naitirojin cikin minti ɗaya ko biyu. Ɗauki guntun ƙaramin hanji ka sa tare da na farko: ƙwayoyinsa kullum cikin rabuwa suke, don haka in bai nuna BrdU ba, allurar ko rinin ne ya ƙi.

Hattara: naman da aka zuba a kakin kyandir ba ya nuna kitse, domin sinadaran aikin sun wanke shi, sai ramuka farare. Rinin Oil Red O sai a daskararren nama.

10. Karanta jini

ALT da AST suna hawa a rana ta farko, su sauko zuwa rana ta uku. Ruwan jinin ɓera a waɗannan sa'o'i yakan fi ƙarfin kayan awo, sai an sirka shi a ninka sakamakon. Gishirin ruwan maɗaciya yana ƙaruwa a jini saboda kashi ɗaya cikin uku na hanta ne ke ɗaukar nauyin duka, albumin, furotin ɗin jini da hanta ke yi, kuma yakan ɗan sauka. Ɓeran da ALT ɗinsa bai sauko ba a sa'a 48, ko bilirubin ɗinsa, sinadarin da ke sa jiki rawaya, ya yi sama, koma ka duba namansa a madubi. In ka ga filaye na matattun ƙwayoyi, ƙulli ne ya shaƙe jijiya, kuma a cire shi daga lissafi bisa sharaɗin da aka rubuta tun kafin a fara aiki, a kuma faɗi hakan a rahoto.

11. Ƙirga ƙwayoyi da lissafin nauyi

Yanka nama mai kaurin maikiron 4 zuwa 5. Rinin BrdU yana buƙatar a fara jiƙa naman a asid domin DNA ya buɗe, Ki67 kuma yana buƙatar a dafa shi a ruwan sitret. Tsallake wannan shi ne dalilin da ya sa gilasai da yawa ke fitowa fayau. Ƙirga manyan cibiyoyi masu zagaye na ƙwayoyin hanta kaɗai, ka bar ƙanana da dogaye na sauran ƙwayoyi, musamman daga sa'a 72. Ɗauki filaye 5 zuwa 10 a kowane ɓera, ka raba masu launi da jimillar, kuma wani ya rufe maka lambobin gilasai kafin ka zauna, domin idon da ya san rukuni yana ganin abin da yake so. A hantar balagaggen ɓeran da ba a taɓa ba, masu launi ba sa kai kashi 1 cikin ɗari. BrdU yana nuna waɗanda suka kwafi DNA, ba lallai sun rabu ba, saboda ƙwayar hanta tana iya ninka DNA ɗinta ta zauna, don haka haɗa da ƙirgar ƙwayoyin da ido ya kama suna tsakiyar rabuwa.

Lissafin nauyi kuwa ga misalinsa. An cire giram 0.80 daga ɓera mai giram 25. Raba 0.80 da 0.67, hantar asali ta kai kusan giram 1.19, abin da ya rage ranar tiyata giram 0.39. A rana ta 7 an auna giram 1.05, wato kusan kashi 88 cikin ɗari na asali. Lambar 0.67 ta bambanta daga zuriya zuwa zuriya da hannu zuwa hannu, saboda haka fitar da taka daga ɓerayen koyo: auna abin da ka cire da abin da ya rage a kowane. Rubuta kuma nauyin hanta a kan nauyin jiki, wanda a lafiyayyen ɓera yake tsakanin kashi 4 da 5 cikin ɗari, amma ka yi amfani da nauyin jikin ranar ɗibar nama tare da na ranar tiyata duka biyu, domin ɓeran da ya rame bayan aiki zai sa hantarsa ta yi kamar ta fi girma a takarda.